Zoben Fairuz Ya Koma Kore: Cuta Ya Tsotse Ko Me?

Tambaya: Wata baiwar Allah ta rubuto cewa an ba ta kyautar zoben azurfa mai idon fairuz, shuɗi tas, amma bayan 'yan shekaru ya soma rikiɗewa yana komawa kore. An ce mata cuta ce ya tsotse daga jikinta, wai da ma aikin dutsen ke nan, yana kuma kare mai shi daga haɗari da kambun baka. Yanzu ganin mahaifiyarta ya fara raguwa, sai aka ba ta shawarar ta riƙa jiƙa fairuz a ruwa ana wanke mata ido da shi. Tana so ta san inda waɗannan maganganu suka samo asali, da ko akwai gaskiya a cikinsu.

Amsa: Malama, bari in fara da abin da ba ya jira. Kada a sa wa mahaifiyarki wannan ruwa a ido, a kai ta wurin likitan ido. Raguwar gani ga manya yawanci yanar ido ce, ko hawan jinin ido, ko illar ciwon suga, wani lokaci ma tabarau kawai ake bukata. Yanar ido ana cire ta da aiki, gani ya dawo. Hawan jinin ido kuwa abin da ya ci ya ciwu, sai dai a tsare sauran, don haka duk watan da aka ɓata ana jiƙa dutse asara ce da ba ta da mayarwa. Ga shi kuma ruwan da aka tsoma zobe a ciki yana ɗauke da duk dattin da ya maƙale a ƙarƙashin idon zoben. Ido ba wurin gwaji ba ne.

Sai batun zobenki. Ba ƙarya kika gani ba, fairuz yana sauya launi, kuma jikinki ne ya sauya shi. Sai dai ba cuta ya sha ba. Mai ya sha, da gumi, da sabulu, da turare.

Don a gane wannan sai an san yadda dutsen yake samuwa. Fairuz ba daga can ƙarƙashin ƙasa mai tsananin zafi yake fitowa ba kamar daimon. Ɗan ruwan sama ne ke haifar da shi a busassun ƙasashe. Ruwan yana tsiyaya ta cikin duwatsu masu jan ƙarfe, ya narkar da kaɗan, ya je ya haɗu da alminiyam da fosfaras, sai haɗin ya daskare a cikin tsagogin dutse a hankali, cikin dogon zamani. Shi ya sa ake samun sa siriri-siriri kamar jijiya, ko dunƙule-dunƙule, kuma ba da nisa sosai daga doron ƙasa ba. Jan ƙarfen, wanda bai kai kashi 10 cikin 100 na nauyinsa ba, shi ke ba shi shuɗin. In baƙin ƙarfe ya shiga gurbin wani ɓangare na alminiyam, sai ya fito kore tun daga rami. Zane-zanen nan baƙaƙe ko ruwan ƙasa da ake gani a jikinsa kuwa ragowar uwar dutsen ce da ya tsiro a cikinta. Kusan kashi 18 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne da ke ɗaure a cikin gininsa, kuma jikinsa cike yake da 'yan kafofin da ido ba ya gani. Yana shan abin da ya taɓa shi kamar yadda sabuwar tukunyar ƙasa ke shan ruwa.

In kin sami tsohuwar sarƙar fairuz da aka daɗe ana sawa, ki shimfiɗa ta a kan farin ƙyalle ki duba. Ƙwayoyin da ke kwanciya a ƙeya, inda gumi da man gashi ke taruwa, za ki ga sun fi duhu, sun fi kore, wasu har da maiƙo, alhali na gaba da ke kan riga suna nan da shuɗinsu. Mutum ɗaya ya sa su, lafiyarsa ɗaya, rashin lafiyarsa ɗaya. Da cuta suke tsotsa, da tare za su rikiɗe. Haka zobenki, in bayansa a buɗe yake, ki juya shi, wajen da ke goga da fata zai fi saman sauyawa. Zafi ma yana taɓa shi, domin in ya rasa ruwan cikinsa sai ya koɗe ko ya yi kore-kore.

Masu haƙarsa sun san haka tun fil azal. A Serabit el-Khadim da ke yankin Sinai na Masar akwai rubutun wani shugaban ayarin mahaƙa mai suna Harwerre, na zamanin Fir'auna Amenemhat na uku, shekaru kusan 3,800 da suka wuce. An tura shi ne a lokacin zafi, sai ma'aikata suka yi ta gaya masa cewa dutsen yana nan a tsaunin kullum, amma launinsa ba ya kyau a wannan lokaci na shekara. A Iran kuma tsohuwar dabara ce ta 'yan kasuwa a ajiye fairuz mara ƙarfi a wuri mai danshi har ranar ciniki, mai saye ya tafi da shi shuɗi, bayan 'yan makonni ya koɗe a hannunsa.

Ruwa ba ya tsami banza. A ganina mafi yawan abin da ake faɗa game da fairuz daga wannan hali nasa ya tsiro. Mutanen da sun ga dutse yana haske yau, gobe ya dushe, alhali yakutu da akik suna nan yadda suke shekara da shekaru. Dole su nemi dalili. Marubutan Larabci da Farisanci suka ce launinsa yana washewa in sama ta washe, ya gurɓace in ta gurɓace. Turawa suka ce yana koɗewa in mai shi ya kwanta ciwo, ya mutu in ya mutu, ya farfaɗo in ya shiga hannun lafiyayye. Wasu suka ƙara da cewa yana tona asirin masoyin da ya ci amana.

Labarin da ya fi shahara a kan haka na Anselmus de Boodt ne, likitan Sarki Rudolf na biyu a birnin Prag, wanda ya wallafa littafinsa kan duwatsu masu daraja a 1609. Ya ce mahaifinsa ya sayi wani fairuz da arha, domin ya koɗe sarai bayan wani mutumin Sifen ya shafe shekaru yana sawa. Aka ba shi, ya sa a zobe, cikin ɗan lokaci shuɗin ya dawo. Daga baya yana hanyar dawowa daga Italiya dokinsa ya faɗi da shi, ya tashi ko ƙwarzane babu, amma da ya duba zoben sai ya tarar dutsen ya tsage. Ban ga dalilin ƙaryata shi ba, domin duka biyun suna faruwa. Dutsen da ya bushe ya yi fari-fari, in ya sha man fata sai ya yi duhu, launinsa ya fito, kuma da wannan hikima ce aka daɗe ana shafa masa mai ko kakin zuma kafin a kai kasuwa. Matsalar ita ce man yana daɗewa sai ya juya kore, wanda shi ne matakin da zobenki ya kai. Tsagewa kuwa, taurin fairuz 5 zuwa 6 ne a ma'aunin Mohs mai hawa 10, wato kusan daidai da gilashin taga. Wanda ya faɗo daga doki hannu yake fara kaiwa ƙasa. Zobe ya daki dutse, mai rauni ya fashe, faɗuwa ta zo daidai da zama. Wanda kuma ya faɗo ya karye wuya da fairuz lafiya lau a yatsarsa, ba shi da bakin ba da nasa labarin.

Alaƙarsa da doki ta girmi de Boodt. A ƙasashen Farisa da Turkiyya an daɗe ana maƙala shi a linzami da ragama don kare doki da mahayinsa, ana kuma ƙawata ƙotar takobi da wuƙa da shi a matsayin dutsen nasara. Fairuz ɗin da duniya ta ɗauka a matsayin ma'auni, shuɗi kamar sararin sama ba tabo, daga tsaunukan kusa da Nishapur yake fitowa a yankin Khurasan, inda aka fi shekara 1,000 ana haƙa, kuma har yau ba a daina ba. Al-Biruni ya yi bayaninsa a littafinsa na jauhari a ƙarni na 11, Ahmad al-Tifashi ma ya yi a nasa a ƙarni na 13.

Misirawa na cikin waɗanda suka bar tsohuwar shaida. A 1901 wani masanin tono kayan tarihi mai suna Flinders Petrie ya tono awarwaro huɗu na zinariya da fairuz da wasu duwatsu a kabarin Sarki Djer a Abydos, masu shekaru kusan 5,000. A Serabit el-Khadim har ɗakin bauta aka gina wa gunkiyarsu Hathor, wadda suke yi wa laƙabi da uwargijiyar fairuz, mahaƙa suna roƙonta sa'a kafin su shiga rami. Akwai shi a jikin fuskar zinariyar Tutankhamun, wanda aka gano kabarinsa a 1922. A Sin, an tono siffar wani dodo a Erlitou a 2002 da aka jera da gutsattsarin fairuz sama da 2,000, kuma yau lardin Hubei na cikin manyan wuraren da ke ciyar da kasuwar duniya. Mutanen Tibet suna rataya shi a wuya a matsayin mazaunin kurwar mutum, suna ganin dushewarsa alama ce mara kyau. A nahiyar Amurka, mutanen Aztek na ƙasar Meziko sun danganta shi da wuta da sarauta, suna manna shi a kan katako, kuma macijinsu mai kai biyu da aka lulluɓe da fairuz yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan. A Pueblo Bonito da ke kwarin Chaco a jihar New Mexico an sami dubun dubatar ƙwayoyinsa a ɗakin binne mutane guda. Ƙabilun Navaho da Zuni suna danganta shi da sama da ruwa, Apache kuma suna ɗaura shi a baka don kibiya ta sami abin hari.

Abin lura a nan, kusan duk inda dutsen ke fitowa ƙasa ce mai ƙishirwa. Mutumin da ya fasa jan dutse a tsakiyar hamada ya ga launin ruwa da na sama a ciki, ba mamaki ya ɗauke shi abu mai albarka. Amma da an zo kan aikin da yake yi, sai baki ya rabu. Wannan ya ce nasarar yaƙi, wancan ya ce ruwan sama, wani ya ce kurwa, wani ya ce amanar aure. Magani na gaskiya ba ya sauya aiki don ya ƙetare iyaka.

Akwai kuma ɓangaren ruwayoyi, tun da da yawa daga masu sa zoben ta nan suka ji labarinsa. A littattafan Shi'a, har da Al-Kafi na Kulaini, an ruwaito daga Imam Ja'afar Sadik cewa hannun da ya sa zoben fairuz ba ya talauta, kuma wannan na cikin abin da ya sa kasuwarsa ke ci a biranen ziyara irin su Mashhad da Najaf. Bukhari da Muslim ba su kawo hadisi kan falalar fairuz ba. Abin da Muslim ya kawo daga Anas shi ne zoben Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na azurfa ne mai ido ɗan Habasha. Ko a wajen masu riƙo da waccan ruwaya, maganar arziki take yi, ba ta ce a bar likita ba.

To, batun magani kansa. Tsofaffin littattafan likitanci na Larabawa da Farisawa sun ambaci fairuz a abubuwa biyu musamman: ƙarfafa gani, ko ta kallonsa ko ta niƙa shi a kwalli, da kuma harbin kunama da dafi. Shawarar da aka ba ki jikanyar waccan ce. Masu kare ta a yau sukan ce ai akwai jan ƙarfe a ciki, jan ƙarfe kuma yana kashe ƙwayoyin cuta. Gaskiya ne tsurar jan ƙarfe yana kashe ƙwayoyin cutar da suka sauka a kansa, har hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince da hakan a 2008 ga abubuwa irin su mariƙin ƙofa. Amma na cikin fairuz a ɗaure yake tam da sauran sinadaran, ruwa ba ya kwance shi, fata ba ta jan sa. Abin da jikin baligi ke bukata a rana bai cika miligiram 1 ba, kuma daga abinci yake samu. An ma gwada tsurarsa. A 2013 masu bincike a Jami'ar York ta Ingila suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 70 masu ciwon kumburin gaɓoɓi da awarwaron jan ƙarfe da na maganaɗisu, ba su ga ya rage zafi ko kumburi ba. In tsurar ƙarfen bai yi ba, ina ga ɗan abin da ke kulle a cikin dutse?

Harbin kunama kuwa na fahimci yadda sunan ya samu. Mafi yawan harbi ga baligi raɗaɗi ne da ke lafawa da kansa, don haka duk abin da aka ɗora a wurin shi zai kwashe yabo. Ga ƙaramin yaro lamarin daban ne, dafin wasu kunamu yana kisa, asibiti ake nufa da gudu.

Dogon jerin da ake gani yanzu a intanet, cewa fairuz yana buɗe wata cibiyar ƙarfi a maƙogwaro, yana wanke guba daga jiki, yana ƙarfafa garkuwa, yana tare hasken waya, wannan ba tsohuwar hikima ba ce kamar yadda ake tallata ta. Yawancinsa haɗe-haɗe ne da ya bunƙasa a Amurka da Turai daga shekarun 1970 zuwa 1980. Ko ware shi a matsayin dutsen waɗanda aka haifa a Disamba, jerin da ake bi yau ƙungiyar masu sayar da kayan ado ta Amurka ce ta tsara shi a 1912. A 2001 Farfesa Christopher French na kwalejin Goldsmiths a Landan ya ba mutum 80 duwatsu su riƙe suna natsuwa, wasu na gaske, wasu na gilashi, ba tare da sun sani ba. Masu riƙe da gilashi suka ji ɗumi da tsikar jiki daidai da masu riƙe da na gaske, waɗanda kuma aka riga aka gaya wa abin da za su ji suka fi kowa ji. Ba fairuz ya yi amfani da shi ba, farin dutsen kwaz ne, amma darasin ɗaya ne. Babu wani gwajin asibiti da ya nuna fairuz yana warkar da wata cuta.

Ba na raina wanda ya ce zobensa yana sanyaya masa rai. Abin da masoyi ya ba ka, ko ka gada daga uwa, kana murza shi a yatsa lokacin damuwa, natsuwar da kake ji ta gaske ce. Daga zuciyarka take fitowa, kuma ba ta sauke hawan jini ba ta cire yanar ido. Abin da nake ƙi shi ne a niƙa a sha, ko a zuba a ido, ko a ajiye maganin likita saboda shi. Masu yanka dutsen ma da ruwa suke yi, da kariya a hanci, don ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu.

Dalili na biyu na ƙin jiƙa shi shi ne, abin da ake kira fairuz a kasuwa sau da yawa ba shi kaɗai ba ne, wani lokaci ma ba shi ba ne sam. Kaɗan ne daga abin da ake haƙowa ke da taurin da za a goge shi yadda yake. Sauran gautsi gare shi kamar alli, sai an ɗura masa ruwan roba ya cike kafofin, dabarar da aka fara a Arizona a shekarun 1950. Wannan ba ha'inci ba ne muddin an faɗa wa mai saye, kuma shi ba ya saurin sauya launi. Akwai wanda ake rinawa. Akwai garin da ake kwaɓawa da roba a matse shi ya zama dunƙule. Akwai fararen duwatsu biyu, haulait da magnesait, masu jijiyoyi irin nasa, da ake tsomawa a shuɗin rini. Kamfanin Gilson na Faransa ya fitar da na haɗi a 1972. Sai gilashi da tsurar roba. Kwaikwayonsa ma ba sabon abu ba ne, Misirawan da sun yi ta ƙera shuɗin tangaran don maye gurbinsa. Tun da aka daina haƙar fairuz a ramin Sleeping Beauty na Arizona a 2012, sunan ramin bai daina yawo a kan kayan da ba su taɓa ganin Arizona ba. Wanda ya jiƙa irin waɗannan, ruwan rini da roba zai sa wa tsohuwa a ido.

In ana so a duba a gida, a sami gilashin ƙara girma mai ninki 10 a leƙa cikin hujin ƙwayar sarƙa. Rinanne yakan nuna fari a ciki, shuɗin kuma ya taru ya yi kauri a bakin tsagogi. A ɗiga ruwan goge jan farce a auduga a shafa a wani lungu da ba a gani, in audugar ta fito da shuɗi, rini ne. Haulait yana da laushi sosai, taurinsa wajen 3.5 ne, wuƙa tana kankare shi ba wuya. Roba ba ta da nauyi, kuma ba ta da sanyin dutse in an kanga a kunci. Sarƙar da duk ƙwayoyinta launi ɗaya ne sak, zane iri ɗaya, ga arha, ita ma abar tuhuma ce. Gwajin allura mai zafi da ake yawan faɗa ban ba da shawararsa ba, yana ɓata na gaske. Dutse mai tsada kuwa sai ɗakin gwajin jauhari, a karɓi takarda.

Naki, yadda ya koma kore a hankali cikin shekaru, ya fi kama da na gaske wanda ba a ɗura wa roba ba, domin gilashi da roba ba sa haka, rinanne kuma koɗewa yake yi ya nufi fari. Koren ba ya komawa, sai dai gwanin goge duwatsu ya kankare saman in man bai nutsa can ciki ba, kuma a Tibet irin wannan tsohon kore yana da masoyansa. Don kada ya ƙara, ki riƙa cire shi kafin wanka da wanki da shafa mai, ki fesa turare ya bushe kafin ki sa, ki goge shi da ƙyalle mai laushi busasshe ko mai ɗan danshi. Kada ki bar shi a rana mai zafi, kada ki haɗa shi a akwati ɗaya da duwatsun da suka fi shi tauri. In za a kai wa maƙeri gyara, ki ce ya cire idon kafin ya kusantar da wuta, kuma kada ya tsoma shi a ruwan wanke azurfa.